Kalmar “lead” ta Turanci: dalma da jagoranci a rubutu ɗaya

Kalmar Turanci da ake rubutawa “lead” haruffa huɗu ce, amma kalmomi biyu ne suka haɗu a cikinta. Ta farko ana furta ta “led”, da gajeren wasali, ma'anarta dalma. Ta biyu ana furta ta “liid”, da jan wasali, ma'anarta shigewa gaba, ko jagorantar wasu, ko kai mutum wani wuri. Tun a tsohon Turanci asalinsu daban ne, rubutu ne kawai ya gama su daga baya. Mai sauraro ba ya ruɗewa, domin kunne na raba su. Mai karatu ne ke da aiki, tun da takarda ba ta nuna masa wadda ake nufi.

A yammacin Zamfara wannan kalma ta wuce darasin aji. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gari a daka, a niƙa da injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannun yara. An ƙiyasta yaran da suka rasu sun kai 400. Sunayen Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da 'Yargalma da Tungar Guru suka shiga rahotannin duniya, sai Bagega, wadda ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai 2013. Kusan duk waɗannan rahotanni da Turanci aka rubuta su. Malamin asibiti a Anka, da ɗalibin sakandare a Gummi, da mai fassara labarai a gidan rediyo, kowannensu sai ya bi ta kan wannan kalma kafin ya san abin da aka faɗa game da yankinsa.

Dalma ƙarfe ne mai nauyi da laushi, tana narkewa a zafin digiri 327, lambarta 82 a jadawalin sinadarai. Alamarta a littafin kimiyya Pb ce, daga sunanta na Latin, “plumbum”. Daga nan ne Turanci ya sami “plumber”, mai gyaran famfo, saboda a da can da dalma ake yin bututun ruwa. A nahawu, “lead” mai ma'anar dalma suna ne na abin da ba a ƙirgawa, kamar ruwa ko yashi. Ba ta ɗaukar “a” a gabanta, ba ta ɗaukar “s” ta jam'i. An fi ganinta manne da wani suna: “lead poisoning” gubar dalma, “lead ore” dutsen dalma, “lead paint” fenti mai dalma. Mafi muhimmanci a takardun asibiti shi ne “blood lead level”, wato yawan dalmar da ke cikin jini. Ana auna shi da maikirogiram a kowace desilita, kuma daga 45 zuwa sama ne aka saba soma ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Daga wannan reshe ne kuma aka sami “leaded” da “unleaded” na fetur, mai dalma da marar dalma. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da fetur mai dalma ga motoci, a 2021.

Ita ma kalmar Hausar tana da faɗi. Wasu na cewa dalma, wasu darma, kuma a kasuwa ana kiran abin da mai gyaran rediyo ke liƙa waya da shi dalma, ana cewa tukunyar dalma ga tukunyar da aka zuba da narkakken sanholo. Saboda haka mai fassara da ya ce “dalma” kawai bai gama aiki ba, sai ya nuna a ina take: a ƙurar dutsen zinariya, ko a cikin batirin mota da na sola, ko a wani irin tozali na dutse da ake sa wa jarirai. Bakin fensir kuwa, wanda Turawa ke kira “pencil lead”, babu dalma a cikinsa. Wani baƙin ma'adini ne dangin gawayi, da aka samu da yawa a Borrowdale ta Ingila a ƙarni na 16, aka ɗauka dalma ce, sunan ya zauna.

Kalma ta biyu, “liid”, ta fi yawan rassa. A matsayin aikatau, ma'anarta ta farko jagoranci: liman ya ja salla, sarki ya jagoranci tawaga, makiyayi ya ja garke zuwa rafi, duka da ita ake faɗa. Ana kuma amfani da ita ga hanya, a ce wannan titi shi ke kai mutum Gummi. Idan aka bi ta da “to”, sau da yawa ma'anarta haifar da wani abu, kuma a wannan siga ce ta cika rubutun likitoci. Jimla kamar “lead can lead to convulsions” tana da kalmomin biyu kusa da juna: ta farkon “led” ce, ta biyun “liid”, ma'anar kuwa dalma na iya jawo jijjiga. Daga wannan aikatau aka tsiro da “leader”, shugaba, da “leadership”, shugabanci, wanda shi ne sunan wata jarida da ake bugawa a Abuja, da “mislead”, ɓatar da mutum.

A matsayin suna, “liid” abu ne da ake ƙirgawa, yana ɗaukar “a” da “the” da “s”. A sakamakon zaɓe ko wasan ƙwallo, ma'anarsa rinjaye ko ratar da na gaba ya bayar. A ɗakin labarai, babban labarin shafin farko ne ko sakin layin da ya buɗe labari. A bakin ɗan sanda, wani ɗan haske ne da zai bi ya kai ga mai laifi. A wajen mai gyaran lantarki, waya ce mai kai wuta daga batir zuwa na'ura. Har a harkar haƙar ma'adinai akwai shi: jijiyar ma'adini da mai haƙa ke bi a ƙarƙashin ƙasa, musamman zinariyar da ta kwanta a tsohuwar hanyar kogi, ana kiranta “liid”, ba “led” ba, ko da kuwa a ramin akwai dalma.

Mafi yawan lokaci maƙwabtan kalmar ne ke tona asirinta. In ta zo bayan “will” ko “can”, aikatau ce. In tana da “s” a ƙarshe ko “ing”, kusan kullum “liid” ce. In tana tare da jini, ƙasa, ƙura, fenti ko guba, dalma ce. Wurin da ya fi wuya shi ne inda ta tsaya gaban wani suna, domin nan dukansu biyu ke iya tsayawa. “Lead agency” hukumar da ke jan ragamar aiki ce, “lead author” babban marubucin rahoto ne, amma “lead test” gwajin dalma ne. A rahoton da ke magana kan gubar dalma, “lead investigator” na iya zama shugaban masu bincike, yana kuma iya zama mai binciken dalma, kuma ba abin da zai raba gardama sai sauran jimlar. Marubutan da suka san aikinsu kan kauce wa irin wannan, su sa “chief” ko “head” a wurin shugaba. Hakan ya fi dacewa a takardar da ran yaro ya rataya a kanta.

Akwai kuskure ɗaya da ya zama ruwan dare, har a jaridu da wajen Turawan kansu. Shuɗaɗɗen lokacin aikatau “liid” shi ne “led”, haruffa uku, kuma furucinsa daidai yake da na dalma. Wannan ya sa mutane ke rubuta “lead” inda ya kamata su rubuta “led”. Kalmar “read” na ƙara ingiza su, domin ita rubutunta ba ya sauyawa a shuɗaɗɗen lokaci, furucin ne kawai ke sauyawa. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO zai amfana da riƙe wannan: in aikin ya riga ya wuce, babu “a” a cikin kalmar. Sai kuma ƙwan lantarki na LED da fitilun caji da suka cika kasuwanni. Wannan taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci uku da ke bayyana ɗan abin da ke fitar da hasken, ana rubuta ta da manyan haruffa, kuma ba ta da dangantaka da dalma ko da jagoranci.