Dajin da ke kwance a ƙarƙashin gonakin Illela

Mu da muka taso a Illela mun san dashen itace na biki: a kawo 'ya'yan dogon yaro a leda, a ɗauki hoto, a watse. Kafin bazara ta yi nisa, awaki da ƙishirwa sun gama da su. Ba raina dogon yaro muke yi ba, inuwarsa ta rufa wa unguwanninmu asiri. Amma baƙo ne daga Indiya, kuma gero ba ya sakewa a ƙarƙashinsa.

Gawo kuwa namu ne, kuma halinsa daban. Da damina, lokacin da sauran itatuwa ke cika da ganye, shi zubar da nasa yake yi. Rana ta samu gero, ganyen ya zama taki. Da rani kuma sai ya yi kore shar, dabbobi su ci 'ya'yansa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu farga. A 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da ke aikin gona a yankin Maraɗi ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai. Maimakon a sare duka, sai a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Ana kiran dabarar sassaben zamani, kuma an ƙiyasta ta farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar. Ba leda, ba ban ruwa.

Sai dai akwai matsalar garmani. Wannan ciyawa ta cinye burtalai da makiyaya a kudancin Nijar, dabbobi ba su damu da ita ba, kuma iri ba ya tsayawa a shingen Birnin Ƙonni ya nuna fasfo. Tuge ta ake yi da saiwarta tun ba ta yi 'ya'ya ba. In aka makara, baɗi ta ninka.

Ƙannenmu 'yan sakandare, in kun je gona a hutun nan, ku duba kututturan gawo, aduwa, magarya da kalgo. Ku nemi izinin Baba tukuna, sannan ku ɗaura wa rassan da kuka zaɓa tsumma, don mai sassabe ya gan su ya kauce.