Idan Ƙarfe ko Icce ya Shige Kai, Kada a Cire Shi

Lokacin kaka lokacin aiki ne a ƙasar Arewa. Daga Matankari har Tibiri, kowa yana riƙe da lauje, ko wuƙa, ko gatari. Yara suna hawan itace. Shanu suna komowa. Wani lokaci rigima takan tashi a bakin gona, har a kai ga kibiya da mashi. A irin wannan lokaci ne tsautsayi ya fi yawa.

Cikin raunuka duka, babu mai ban tsoro kamar wanda abu ya huda kai ya tsaya a ciki. Yana iya zama kibiya, ko ƙusa, ko tsinin icce, ko wuƙa, ko harsashi. Wanda ya fara isowa, abin da ke zo masa a rai shi ne ya fizge abin. Niyyarsa mai kyau ce. Amma fizgewar nan ta sha kashe mutumin da za a iya ceto.

YADDA KAI YAKE

Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai kamar fura cikin ƙwarya. Tana da taushi ƙwarai. Wani tantani mai ƙarfi ya lulluɓe ta, kuma tana cikin wani ruwa garai-garai. Jijiyoyin jini sun ratsa ta ko'ina. Ita ke sarrafa numfashi, da gani, da magana, da motsin hannu da ƙafa.

Ƙashin kai ba kaurinsa ɗaya ba. Yana da rauni a gefe, tsakanin ido da kunne. Ƙashin da ke saman gurbin ido kuma siriri ne sosai. Tsinke ko karan gero yana iya bi ta fatar ido ya wuce har ƙwaƙwalwa, ya karye a ciki. A waje sai a ga ɗan ƙaramin ciwo kawai. Jariri kuwa yana da maɗiga, inda ƙashi bai rufe ba tukuna.

DON ME BA A CIREWA?

Dalili na farko jini ne. Abin da ya shiga yakan toshe jijiyar da ya yanka, kamar yadda tsumma ke toshe hudar tulu. In aka zare shi, jini ya ɓalle cikin kai. Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, don haka jinin sai ya danne ƙwaƙwalwa.

Na biyu, kibiya tana da kunnuwa. Ɓarnar da take yi wajen fita ta fi ta shiga.

Na uku, icce yana karyewa. Guntun da ya saura a ciki yana kawo mugunya.

Wasu suna cewa a yi maza a cire kibiya saboda dafi. Tsoron dafi gaskiya ne. Amma fizge kibiya ba ya maido dafin da ya riga ya shiga jini, sai dai ya ƙara ɓarna. A gaya wa lokotoro in ana zaton akwai dafi.

ABIN DA ZA A YI A GARI

1. A kwantar da majinyaci. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da wuyansa, kada su motsa.
2. A naɗa gammo da tsabtataccen zane, a kewaye abin da shi, a ɗaure a hankali. Gammon nan ne zai hana abin girgiza a hanya.
3. Kada a danna ciwon da ƙarfi. Kada a zura yatsa ciki.
4. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko garin taba, ko sassaƙe.
5. Kada a ba shi fura, ko ruwa, ko rubutu. Yana iya shaƙewa. Kuma allurar barci ta aiki tana son ciki ba kome.
6. In amai ya taso, a juya shi gefe gaba ɗaya, kai da jiki tare, ta ɓangaren da abin ba ya taɓa ƙasa.
7. A tafi likita mafi kusa nan take. A ɗauke shi kwance, a mota ko amalanke. Kada a jira safiya.

Wanzami yana da aikinsa, maɗori yana da nasa. Wannan ciwo ba nasu ba ne. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

Ko ba a ga abu a tsaye ba, duk wanda tsini ya soka a kai ko kusa da ido sai an duba shi. Alamun haɗari su ne: suma, barci mai nauyi, amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, farfaɗiya, maganar da ta rikice. Akwai kuma mutuwar hannu ko ƙafa, da ruwa garai-garai ko jini daga hanci ko kunne, da baƙin ido ɗaya da ya fi ɗayan girma. Mutum yana iya tashi ya yi magana lafiya, bayan ƴan sa'o'i ya faɗi. Kada maganarsa ta ruɗi kowa.

ME AKE YI A ASIBITI?

A likitar ƙauye za a gyara ɗauri, a duba numfashi da jini, a rubuta takardar tura majinyaci gaba. Daga nan sai asibitin gunduma, kamar na Dogondutsi, sai babban asibitin Doso. Ƙwararrun aikin ƙwaƙwalwa suna Yamai, a Asibitin Ƙasa da kuma Babban Asibitin da aka buɗe a shekarar 2016. Daga Dogondutsi zuwa Doso, ta Kore Mairuwa, kusan kilomita 140 ne. Daga Doso zuwa Yamai ma kamar haka. Hanya da nisa, shi ya sa jinkiri a gida ke da tsada.

Lokotoro ma ba ya cirewa sai ya gani. Da farko yana gwada hankalin majinyaci: yana buɗe ido? Yana amsa magana? Yana motsi? Sannan a ɗauki hoto. Hoton radiyo yana nuna ƙarfe da ƙashi. Na'urar sikanar ta fi shi, don tana nuna zurfin abin, da hanyar da ya bi, da inda jini ya taru. Icce yana da wuyar gani a hoto. Saboda haka wanda ya ga abin da ya faru ya bi majinyaci, ya faɗi ko mene ne, da lokacin da ya auku. In akwai guntun da ya karye a waje, a tafi da shi.

Ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da maganin hana farfaɗiya, da allurar tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki. A ɗakin aiki, lokotoro yana buɗe ƙashin da ke kewaye da abin. Yana zare shi sannu sannu, idonsa a kan jijiyoyi, da kayan tsaida jini a hannu. Sai ya wanke wurin, ya kwashe gutsattsarin ƙashi da gashi, ya ɗinke tantanin.

ANA WARKEWA?

Ana warkewa, da ikon Allah. A shekarar 1848, a ƙasar Amurka, wani ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage yana fasa dutse da albarushi. Albarushin ya tashi. Sandar ƙarfe mai tsawon fiye da mita 1 da nauyin kilo 6 ta shiga ta kumatunsa na hagu, ta fita ta tsakar kai. Bai mutu ba. Ciwon ya yi mugunya, lokotoro ya yi jinyarsa har ya tashi. Ya rayu har 1860. Amma halinsa ya sake, kuma daga baya farfaɗiya ta kama shi, ita ce ajalinsa.

Labarinsa yana koyar da abu biyu. Kada a fid da rai don an ga ciwo mai muni. Kuma jinya ba ta ƙarewa ranar sallama. In zazzaɓi ya zo, ko wuya ya sanƙare, ko ciwon ya fara zubar da ruwa, a koma asibiti ranar nan. A sha magani yadda aka faɗa. In majinyaci ya zama mai fushi ko mantuwa, ba iskoki ba ne, ba kuma rashin kunya ba ne. Tabon ciwo ne. Yana bukatar haƙurin iyali.

RIGAKAFI

A ajiye lauje da wuƙa inda yara ba su kai. Kada yaro ya yi gudu da tsinke ko almakashi a hannu. Mai hawan babur ya sa hular kwano. Rigimar gona kuma a kai ta gaban maigari tun kafin a ɗauko kwari da baka.

Yana da kyau kowane gari ya san mai motar da za a kira da dare, ya kuma tanadi kuɗin mai a asusu. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa: a bar abin inda yake, a yi masa gammo, a tafi likita.