Ƙananan samfuran motocin yaƙin ruwa da tarihin da ke bayan ƙofarsu

Tsawonta bai wuce santimita 23 ba, za ta zauna a gefen tebur ba tare da ta ture fayil ko ɗaya ba. Mai wucewa zai ɗauka abin wasan yara ce. Amma ga masu tara ƙananan samfuran kayan yaƙi, wannan 'yar mota mai ƙafafun sarƙa da jiki irin na kwalekwale tana ɗauke da tarihin wani darasi da aka biya da jini a Yaƙin Duniya na Biyu.

Sunanta LVT, motar da ke iyo a teku ta kuma hau tudu da sojoji a cikinta. Asalinta ba na yaƙi ba ne. Wani injiniya Ba'amurke, Donald Roebling, shi ya ƙera ta a shekarun 1930 domin ceto waɗanda guguwa ta rutsa da su a fadamun Florida. Bayan mujallar Life ta buga labarinta a 1937, sojojin ƙundumbala na ruwan Amurka suka kwaɗaitu da ita. Kafin yaƙin ya ƙare an ƙera sama da 18,000.

Ana samun samfuran iri biyu: waɗanda aka gama haɗawa, da na roba da ke zuwa gunduwa-gunduwa, mai shi ya manna ya yi fenti da kansa. Ma'aunin 1:35 yana nufin an rage girman motar sau 35, kuma kamfanonin Italeri da AFV Club sun fitar da LVT-4 a wannan ma'auni. Airfix na Ingila kuwa ya daɗe da nasa ƙarami a 1:76.

Gwanin tara kayan yakan fara duba bayan motar, kuma yana da dalili. A Nuwamban 1943, lokacin farmakin tsibirin Tarawa a tekun Fasifik, ruwa bai cika yadda aka zata ba, jiragen sauke sojoji suka maƙale a kan duwatsun murjani. Motocin LVT ne suka iya tsallakewa, sauran sojoji suka taka cikin ruwa ana yi musu ruwan harsashi. Kimanin sojojin Amurka 1,000 suka mutu cikin sa'o'i 76. Su ma na cikin motocin ba su tsira cikin sauƙi ba, domin injin yana baya, babu ƙofa, dole soja ya haura ta gefe ya dira a idon abokan gaba.

A LVT-4 an mayar da injin gaba, aka buɗe ƙofa mai saukowa a baya, jikin motar ya zama garkuwa ga masu fita. Saboda haka samfurin da aka yi wa fentin Tarawa alhali yana da ƙofar baya ya saɓa wa tarihi, komai kyansa, kuma darajarsa takan faɗi a wurin masana.

Turawan Birtaniya sun kira ta Buffalo, da ita suka tsallake kogin Rhine a Maris 1945. Shekara biyu bayan haka ta koma aikinta na asali, aka kai wasu garin Crowland na Ingila domin tare ambaliya, ruwa ya tafi da wasunsu. A 2021 mutanen garin suka tono ɗaya daga zurfin kusan mita 9, bayan shekara 74 a cikin laka.

Na gaske da suka rage ba su da yawa, galibi suna gidajen tarihi masu nisa. Mafi yawan mutane ta ƙaramin samfuri kaɗai za su san siffarta, shi ya sa masu tarawa ba sa wasa da kuskure ko da na ƙofa ɗaya ne.