Tsarabar Mai Ƙaramin Ƙarfi: Littafi a Waya, Kyauta Daga Hannu

Ana saura kwana tara ƙaramar Sallah na sauka Ƙanƙara, na tarar da Gwaggo a tsakar gida bisa tabarma, tabarau a ƙarshen hanci, tana fama da zare da allura. Hula ce take ɗinki, an zana mata gida-gida da biro, ta cike fiye da rabi. Can bakin ƙofar ɗaki jikarta ce, 'yar aji biyar a sakandare, ta duƙufa kan wata waya mai tsagaggen gilashi, ko sallamata ba ta ji ba.

Na ce, "Gwaggo, wannan hular fa, ta wane mai rabon ce?"

Ta ce, "Ta surukina ce. Tun Rajab nake kanta. Kuɗin shadda dai ba ni da su, amma ido da yatsu Allah bai karɓe ba tukuna." Sai ta yi nuni da haɓa. "Waccan kuwa ka ganta nan, waya ta cinye ta."

Yarinyar ta ɗago a kunyace ta gaishe ni. "Kawu, wallahi ba hira nake ba, karatu nake." Ta miƙo mini wayar. Littattafai sun fi arba'in a ciki: tambayoyin jarrabawar JAMB na shekarun baya, littafin Bayoloji, Arba'una Hadisi, sai kuma labaran soyayya da ta yi sauri ta wuce su da ɗan yatsa don kada in gani. Na dai gani.

Tsohuwar da jikarta dabara ɗaya suka yi ba su sani ba. Kowacce ta duba abin da ke hannunta ta yi maganin abin da aljihu ya kasa. Dabarar mai kyau ce, kuma ina so ta yaɗu a Faskari da Sabuwa da sauran garuruwanmu. Sai dai kowace hanya da ramukanta, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ba sai an gaya wa kowa halin da ake ciki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin komai ya yi tashin gwauron zabi, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin shekarar naira 70,000 ne, mafi yawan mutanenmu kuma ba ma'aikata ba ne, manoman masara da dawa da auduga ne da matsalar tsaro ta raba da yawansu da gonakin nesa. Amma biki bai tsaya ba, suna bai tsaya ba. Gudunmawa, gara, goron Sallah, tsarabar tafiya, duk suna nan suna jira. Nan ne mutum ke cin bashi don kada a ce ya gaza, ko mace ta karya adashinta saboda atamfar da za a jefa a akwati a manta da wanda ya kawo.

Bari mu fara da karatun.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai na'ura ta musamman da ba ta da aikin komai sai karanta littafi. Wadda ta fi suna ita ce Kindle, ta kamfanin Amazon, da ta fito a 2007. Abin sha'awarta fuskarta ce: ba ta walƙiya kamar ta waya, kama take da takarda da aka buga da tawada, ana iya karatu da ita a tsakar rana, kuma caji ɗaya kan kai ta makonni. Ga wanda ke garin da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙon da bai yi sallama ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana ɗaukar dubban littattafai, ba kira, ba saƙon da zai katse maka tunani.

To amma a tsaya a yi lissafi kafin a yi sha'awa. A ƙarshen 2024 mafi arhar sabuwar Kindle tana kusan dala 110 a can Amurka, lokacin da dala ɗaya ta haura naira 1,500. Mafi ƙarancin albashi na wata biyu ke nan da ɗoriya, kafin kuɗin kawowa. Sayen littafi a shagon kamfanin yana buƙatar katin banki da ke aiki a waje, littattafan Hausa kuma 'yan kaɗan ne a wurin. Idan ta hannu ce aka kawo maka, kada ka biya sai an kunna ta a gabanka, an tura mata littafi ɗaya ta buɗe, ka kuma duba ko ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai. Hukuncina a nan gajere ne: ga malami ko ɗalibin jami'a mai karatu da yawa, tana da amfani. Ga sauran jama'a, wayar da ke aljihu ta wadatar, in an san yadda za a bi da ita.

Mu mutanen wannan yanki mun koyi wani darasi da tsada. Bayan sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, gwamnati ta rufe makarantun kwana, yara suka dawo gida suka zauna. A Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da dama. A watannin nan, duk wanda karatunsa ke rataye a intanet ya wayi gari hannu rabbana. Wanda ya riga ya sauke littattafansa cikin waya ko memori, shi ya ci gaba da karatu, in ya samu ɗan faifan sola. Saboda haka littafin da ba ya buɗewa sai da data, kada ka lissafa shi cikin naka.

Ko babu katse layi, kamfani kan iya rufe shago. Marubutan Hausa da yawa sun zuba littattafansu a manhajar OkadaBooks, mata sun sayi labarai ba adadi a ciki, ga shi ta rufe a ƙarshen Nuwambar 2023. Su ma manyan kamfanoni ba su tsira daga zargi ba. A 2009 Amazon ta shiga na'urorin mutane daga nesa ta goge wasu littattafan George Orwell da suka riga suka saya, saboda rikicin haƙƙin mallaka, ta mayar musu da kuɗinsu. Cikin waɗanda aka goge har da Animal Farm, wanda wani ɗan yankinmu, Bala Abdullahi Funtuwa, ya mayar Hausa da sunan Gandun Dabbobi. Kwafin takarda da ke cikin akwatin malaminka na firamare, in ba gara ko gobara ba, babu mai shigowa ya goge shi.

Rami na biyu ya fi kusa da gida. Da can yarinya kan je wurin mai hayar littafi ta karɓo Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, ko In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, uwa ta ga bangon, yaya ya ga suna, kowa ya san abin da ake karantawa a gidan. Yanzu labari na shigowa ta zaurukan WhatsApp shafi-shafi, babu bango, wani lokaci ma babu sunan gaskiya na mai rubutun. Akwai marubuta na ƙwarai a ciki, waɗanda da a zamanin Abubakar Imam suke da an buga su a Zariya. Akwai kuma masu sayar da batsa tsirara da sunan labarin aure. Ƙwace waya ba magani ba ne, gobe za ta ari ta ƙawa. Zama za a yi da yarinya a tambaye ta, "Me kike karantawa? Ba ni labarin." Wadda ta saba ba da labarin abin da take karantawa, da wuya ta ajiye wanda ba za ta iya faɗa ba.

Sai maganar haƙƙi. Marubuciya ta kwana tana danna waya wata uku, ta sa wa littafinta 'yan ɗaruruwan naira, ta rubuta a sama cewa littafin kuɗi ne, duk wadda ta fitar ba ta yafe ba. Mutum ɗaya ya biya, ya watsa wa zaure goma. Mu kira abin da sunansa: cin gumin wani ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi abin da ake yaɗawa a intanet. Ba a yin kyauta da kayan sata.

Masu damfara ma sun gano inda jama'a ke taruwa. Wata 'yar uwata ta taɓa tura kuɗi ga wata da ta ce ita ce marubuciyar wani labari, daga nan aka toshe ta. Wani salon ya fi muni: a ce za a sa ka a zauren littattafai kyauta, amma ka karanto lambobi shida da za su shigo wayarka. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinka ne. Kana faɗa, sun ƙwace, sai su bi 'yan uwanka da sunanka suna roƙon kuɗi. Kada ka ba kowa, ko da muryar wanda ka sani ce.

Ido kuma amana ne. A rage hasken waya da dare, a ƙara girman rubutu, a riƙa ɗaga kai ana duban nesa bayan kowane ɗan lokaci.

Yanzu ga inda hanyar Gwaggo da ta jikarta suka haɗu. Sayi memori ɗaya, ka zauna ka cika shi da hannunka saboda mutum ɗaya da ka sani. Ga mai shirin JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya, karatu a fuskar waya ma horo ne. Ga ƙananan yara, shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da labarai masu hotuna da Hausa, kyauta, da izinin saukewa da rabawa. Jami'ar NOUN ta zuba littattafan darussanta a shafinta. Ga dattijo, akwai tarjamar Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da karatuttukan malamai na murya. In ka shiga Funtuwa ko Katsina inda layi ke da ƙarfi, sauke su gaba ɗaya, ka dawo ka raba ta Xender ba tare da data ba. A kula da jabun memori, wanda aka rubuta masa giga 32 amma yana cika kaɗan sai ya fara cinye abin da aka zuba. Araha ba ta ado. A gwada shi a shagon kafin a tafi.

Abin da na fi so a zuba ciki ma ba ya intanet. A daren ranar da na sauka Ƙanƙara na ce wa jikar Gwaggo ta kunna rikoda ta ajiye kusa da kakarta. Gwaggo ta yi ta noƙewa, daga baya ta saki jiki: tatsuniyoyi uku, asalin gidanmu da inda kakanni suka taso, yadda ake haɗa daddawa tun daga dafa kalwa. Minti arba'in. Muka tura wa ɗanta da ke aiki a Legas. Washegari ya kira, muryarsa na rawa, bai iya cewa komai ba sai, "Inna, ƙara wani."

Kayan hannu kuwa ba baƙonmu ba ne, raina su muka koya. Hula, faifai, tabarma, saƙar hular sanyi da safar jariri, alkaki, nakiya, dubulan, dambun nama, yajin daddawa, man shanu, turaren wuta da humra. Kwalbar yaji da aka daka saboda mai jego ta fi sabulun kanti uku amfani a ɗakinta. Abin da ke sa kyautar hannu ta yi daraja shi ne a ga an yi tunanin mai karɓa: girman kansa, abin da yake so, abin da likita ya hana shi. Kada a kai wa mai ciwon suga alkaki don kawai shi aka iya.

A nan ma akwai gargaɗi, kuma na rai ne. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai lahanta hanta, suya ba ta kashe ta, don haka a tsince ƙwarai kafin a yi ƙuli-ƙuli ko tunkuza. Robar maganin feshi ko na ƙwari, ko an wanke ta sau goma, ba mazubin mai ko zuma ba ce, kuma wannan kuskure ya yi yawa a ƙauyukanmu na noma. Zuma kyauta ce mai kyau ga babba, amma likitoci sun hana ba jaririn da bai shekara ba. Turaren wuta kuma kada a kunna garwashinsa a rufaffen ɗaki, balle inda jariri ko mai asma yake.

Saura masu karɓa. Ku ne kuke sa mutane cin bashi, in kuna juya kyauta kuna neman tambarin kanti. Wanda ya kawo maka hular da aka yi wata uku ana ɗinki, sa ta ranar Idi ya gani a kanka. Surukin Gwaggo ya sa tasa, na gan shi da ita a filin Idi.

Kafin Sallah mai zuwa, duba gidanku: wa ya iya ɗinki, wa ya iya daka, wane tsoho ne ke da labarin da ba a naɗa ba? A fara da shi tun yana da ƙarfin magana.