Tallafin Wutar Sola: Kada Ya Tsaya A Rufin Masu Hali

A bazarar da ta wuce na kwana biyu a gidan yayata, a wani ƙauye da ke Ƙaramar Hukumar Kusada. Ɗinki ne sana'arta, da shi take riƙe da marayu huɗu. Bayan sallar magariba sai na ga ta kunna fitilar wayarta ta jingina a jikin keken ɗinki, alhali ga farantin sola a kan rufin ɗakinta. Na ce, “Yaya, ina amfanin wancan farantin?” Ta ce, “Kai dai bari. Adashin shekara guda na kwashe na saya, batirin bai yi wata biyar ba ya mutu. Mai kaya ya ce laifin mai haɗawa ne, mai haɗawa ya ce kayan ne jabu.”

Da na biyo ta Kankiya a hanyata ta komawa, sai idona ya riƙa sauka a kan gidajen masu hali, farantai jere a rufi, fanka na juyawa, firji na aiki. Ranar da ke dukan rufinsu ita ce ke dukan na yayata. Abin da ya raba su shi ne kuɗin farko, da ingancin abin da kuɗin ya iya saya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya fi ƙarfin talaka, sola ta zama larura.

Mutanen Kankiya sun san ɗacin jiran babban aiki. A watan Yulin 2016 kamfanin gwamnatin tarayya mai sayen wuta a sari, NBET, ya sa hannu da kamfanoni 14 domin samar da megawat 1,125 daga hasken rana, ciki har da tashar megawat 75 da aka tsara ginawa a Kankiya. Saɓani kan farashi da lamunin gwamnati ya tsayar da maganar, shekaru suka yi ta shuɗewa. Darasin da na ɗauka shi ne, ƙaramar wutar da ke kan rufinka ta fi babbar da ke cikin takarda.

Ba za a ce gwamnati ba ta yunƙura ba. A watan Afrilun 2021 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da shirin Solar Power Naija a Jangefe ta Ƙaramar Hukumar Roni a Jihar Jigawa, da burin kai wuta ga gidaje miliyan 5. A Disambar 2023 kuma Bankin Duniya ya amince da Dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ke gudanarwa, da nufin amfanar mutum miliyan 17.5. Sai dai galibin irin wannan tallafi kamfani ake bai wa, gwargwadon yawan gidajen da ya haɗa. Ɗan kasuwa kuwa inda kuɗinsa zai dawo da wuri yake nufa, ƙauye mai nisa da kwalta shi ne na ƙarshe a lissafinsa.

Ƙasashe biyu sun ishe mu misali. Indiya ta fito da shiri a Fabrairun 2024 na sa sola a rufin gidaje miliyan 10, da tallafin da ya kai Rufi 78,000 ga kowane gida, amma sai an kammala aikin ake tura kuɗin asusun mai gida. Wannan tsari ya dace da mai mitar wuta da kuɗin ajiya, irin su yayata ba za su shiga ba. Bangladash kuwa, daga 2003, ta raba ƙananan na'urori fiye da miliyan 4 a karkara ta hannun kamfanin gwamnati na IDCOL: tallafi ɗan kaɗan, biya a hankali cikin shekaru, mai gyara kuma yana kusa. Wannan ya fi kama da halin da muke ciki.

Dokar Lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka ina kira ga gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa da ta yi nata shirin bisa sharuɗɗa huɗu. Na farko, a taƙaita tallafin ga ƙaramin haɗi: ƙwayayen fitila, fanka da cajin waya, ko abin da zai ɗauki ƙaramar sana'a. Mai neman sanyaya ɗakuna ya biya daga aljihunsa. Na biyu, ragowar kuɗin a biya shi kaɗan-kaɗan ba tare da ruwa ba, manomi kuma a jira shi zuwa kaka. Na uku, kada a biya kamfani cikakken kuɗinsa sai ya ba da garantin batiri a rubuce, ya kuma horar da matasan kowace mazaɓa gyara. Na huɗu, a liƙa sunayen waɗanda suka amfana a ƙofar gidan dagaci, domin kada abin ya koma rabon 'yan jam'iyya, kamar yadda ake yawan kuka a rabon takin zamani.

Har yau farantin yayata yana kan rufi yana tara ƙura, ita kuma ta sake shiga adashi domin sabon batiri. Tsorona kada ta sake komawa wurin jabu, tunda shi ne kuɗinta zai kai. Idan tallafi bai iso irin wannan rufi ba, to masu hali aka ƙara wa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.