Fitilar da ke Kashe Ido a Hanyar Funtuwa zuwa Gusau

Yau a shirinmu muna kan kwalta ne, kuma cikin dare.

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Funtuwa bayan magariba, ya wuce Mairuwa, ya bi ta Sheme ya nufi 'Yankara, ko ya karkata zuwa Ƙanƙara, ya san abin da zan faɗa. Kana tafiyarka, sai wata mota ta ɓullo ta dallare ka da farin haske. Ka yi mata alama ta rage, ta ƙi. Shi ke nan, hanya ta ɓace maka. To ga lissafi: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. In ido ya ɗauki daƙiƙa uku kafin ya dawo daidai, ka tafi fiye da mita 80 ba ka ganin komai. Mita 80, jama'a. A cikinsu akwai mai babur, akwai rami, akwai tirelar da ta mutu a gefe ba alama. Idon dattijo kuwa ya fi jinkirin dawowa.

Abin da ya ba ni dariya da na waiwayi tarihin fitilar mota shi ne, rigimar ta girmi kakanninmu. A 1915 wani kamfani a Amurka mai suna Guide ya fito da fitilar da ake iya sunkuyar da ita. Sai dai fa dole direba ya tsaya, ya fito, ya zagaya gaban motar ya sunkuyar da ita da hannunsa. Ku dubi wannan ladabi! Mutum ya taka birki, ya sauka cikin duhu, don kada ya cutar da wanda bai sani ba. Sai a 1917 Cadillac ta sa wani ɗan hannu a cikin mota. Yau da yatsa ɗaya ake yi, amma ya gagari wasunmu.

Sauran tarihin a taƙaice: ƙwan halojin ya shigo a 1962, na zenon a 1991, sannan LED, wanda yanzu ya cika shagunan kayan mota.

Yawancin mutane na cewa ƙarfin hasken ne matsala. Ni a ganina, inda hasken ya dosa ya fi ƙarfinsa illa. An ƙera gidan fitilar tsohuwar Golf ne don ƙwan halojin. Idan mai gyaran wuta ya cusa masa ƙwan LED, hasken ba ya taruwa a ƙasa, watsuwa yake yi har cikin idon mai zuwa. Ƙara da lodi. Ranar kasuwa an danƙara buhunan masara a but, baya ya zauna, gaba ya ɗaga, ko ƙaramar fitila ce ta koma babba. Motoci da yawa suna da wani ɗan maɓalli mai lamba 0 zuwa 3 kusa da sitiyari, aikinsa ke nan, sunkuyar da fitila in an yi lodi. Direba nawa ne ke taɓa shi?

Akwai kuma wata. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972. Fitilar motar da aka ƙera don Ingila ko Japan tana karkata haskenta zuwa hagu ne, wato a nan, kai tsaye fuskar mai zuwa. Ana mayar da sitiyari, a manta da fitila.

Zan yi wa direbobinmu adalci. Wanda ke ratsa dajin Faskari ko Sabuwa da dare, da fargabar 'yan bindiga a ransa, so yake ya hango nesa. Ba wanda zai ga laifinsa a kan wannan. Amma hasken da ya makantar da mai tahowa bai kare kowa ba, tunda motar da direbanta ba ya gani kanka za ta iya yowa.

A birnin Shenzhen na ƙasar Sin, a 2016, 'yan sanda sun riƙa zaunar da masu wannan hali a kujera gaban mota, su kalli babbar fitila na minti ɗaya. Ban ce a kwaikwaya ba, don an yi ta sukar abin har a can. Namu ya fi sauƙi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da laifin fitila a jerin laifuffukanta, ga kuma takwararta KASSAROTA a matakin jiha. Abin da ya rage shi ne binciken ya wuce "tana kamawa ko ba ta kamawa", ya kai ga saiti da irin ƙwan da aka sa.

Ana yi mini alama lokaci ya ƙure. Direbobi, shugabannin tasha, masu gyaran wuta: a faka mota gaban bango da daddare a duba saiti, a sunkuyar in an yi lodi, kuma da an hango mota a rage fitila. Allah Ya kai mu gida lafiya. Sai wani makon.