Taron kifin shaiɗan da ruɗin yawa

Kowace shekara idan bazara ta kama, dubban kifin mobula sukan haɗu a mashigin tekun Kalifoniya da ke ƙasar Meziko, har ruwa ya yi duhu saboda inuwarsu. Turawa sun laƙa masa sunan shaiɗan don fikafikan nan biyu na goshinsa masu kama da ƙaho, alhali aikinsu kawai su tura ƙananan halittun ruwa zuwa bakinsa. Daga cikin taron sai ka ga ɗaya ya yi sama, ya buɗe fikafikai kamar zai tashi, ya faɗo da ciki tim, wani ya biyo baya, wani ma haka, ƙarar tana kaiwa nesa. Duk wanda ya ga wannan zai rantse cewa kifin nan ba mai ƙarewa ba ne. Ni kuwa ina ganin kallon kitse ake yi wa rogo, kuma tsallen nan shi ne shaidata.

Masana sun daɗe suna gardama a kan dalilin tsallen. Wasu sun ce yana kakkaɓe ƙwarin da ke manne a fatarsa ne, wasu sun ce wasa ne kawai. Maganar ƙwarin ba ta gamsar da ni ba, domin ƙaiƙayi ba ya jiran taro, shi kuwa tsallen ya fi yawa a lokacin da suka taru. Sannan mai son ya kakkaɓe jiki ba dole ne ya riƙa faɗowa da shimfiɗaɗɗen ciki ba, faɗuwar da ta fi kowace ƙara. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙara tana tafiya cikin ruwa fiye da yadda take tafiya a iska, saboda haka na fi karkata ga masu cewa tsallen kira ne, shela ce ga na nesa su zo, musamman a lokacin neman aure. In haka ne, taron ba ya nuna yawa. Kifin da ya warwatsu a yanki mai faɗi ne ya tattaru a wuri ɗaya, maza da mata da masu ciki. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi a gaban kifin shak, amma a gaban koma yawan ne ke kashe su, domin jifa ɗaya tana iya kwashe iyayen yanki guda.

A nan ne lissafin haihuwa ya shigo. Kifin tuna yana zubar da ƙwai miliyoyi. Macen mobula ɗa ɗaya take haifa, bayan ta yi kusan shekara ɗauke da ciki, kuma sau da yawa sai ta huta shekara ɗaya ko biyu kafin wani. Idan mai ciki ta faɗa koma, an yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Ga shi kuma sai yana iyo yake samun numfashi, don haka da zarar igiya ta ɗaure shi, mutuwa ba ta da nisa.

Wani zai ce ai teku da faɗi, kifin yana Bahar Rum, yana tekun Indiya da Atlantika da Fasifik. Gaskiya ne, har a 2014 masu bincike a tsibiran Azores suka nuna wani jinsinsa yana nutsewa kusan mita 1,900 cikin ruwa mai tsananin sanyi. Amma bayan nutson saman ruwa yake komawa, inda jiragen kamun tuna suke baza raga. Kuma yanzu nemansa ake yi da gangan. A Siri Lanka da Indiya da Indunusiya ana yanke matatar da yake tace abinci da ita, a shanya ta bushe, a kai kasuwar Guwanzu ta ƙasar Sin a sayar a matsayin maganin tsarkake jini, ba tare da wata hujja ta likitanci ba.

Hujjar masu kamun kifin da ta fi nauyi ita ce ta yunwa. A 2013 masuntan Gaza sun fito da ɗaruruwan manyan mobula gaɓar teku cikin 'yan kwanaki, suka sayar da naman da araha. Mutanen da aka taƙaita wa kamun kifi zuwa 'yan milamilai daga gaɓa, wa zai ɗora musu laifi? Ban ɗora ba. Sai dai hujjarsu ba ta wanke ɗan kasuwar matata ba, ba ta wanke babban jirgin da ke cakar kifin da ƙugiya ya jefar da shi ba. Kansu ne ya kamata doka ta hau. A 2016 yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe ta amince a sa ido a kan cinikin dukkan jinsin mobula, kuma hukumar kula da kamun tuna a gabashin Fasifik ta hana jiragen ruwa riƙe shi, ta ce a sake shi da ransa. Abin da ya rage shi ne a rufe wuraren taron a watannin taro, a kuma sa masu sa ido a cikin jiragen, tare da raga mai faɗi da za a ɗaga kifin da ita a mayar da shi ruwa kafin numfashinsa ya yanke.